Bokitin da ya tsage bai tashi aiki ba

Jama'a, ku leƙa kwatar unguwarku bayan ruwan farko na damina. Ban da ledar fiya wata, za ku tarar da fasassun robobi da tsummokara sun toshe ta, kuma da yawansu wuri guda ne kawai ya lalace a jikinsu. A ganina ba tsadar gyara ke sa mu zubar da kaya ba. Gyaran ne ake yi ba daidai ba, ya sake ɓallewa bayan kwana biyu, sai a ce ai roba ba ta gyaruwa.

Tana gyaruwa. Kifa bokitin ka duba gindinsa, sau da yawa akwai lamba cikin 'yar alama mai kusurwa uku, galibi 2 ko 5. Waɗannan robobin gam ba ya kama su, don haka kada ka ɓata kuɗinka a kan Super Glue. Narkarwa ake yi, kuma guntun da za ka yi ciko da shi dole ya zama mai lamba ɗaya da bokitin. In ka haɗa 2 da 5 za su yi kamar sun kama, amma da an cika ruwa an ɗaga sai facin ya ɓare. Mai lamba 3 kuwa kada a kai masa wuta sam, hayaƙinsa guba ne.

A wanke wurin da sabulu, ya bushe sarai, domin maiƙo da danshi ke hana roba haɗuwa. Sai a ɗora ƙusa a garwashi, a huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar. Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke hana tsagar ci gaba da tafiya. Daga nan a ɗumama tsohuwar wuƙa, a bi bakin tsagar har gefe biyun su yi laushi, a ɗora siririn guntun roba mai faɗin yatsa a kai, a shafe shi da wuƙar. A yi ciki, a yi waje. In ka ga baƙin hayaƙi, wuƙar ta yi zafi da yawa, robar ta ƙone, kuma ƙonanniyar roba karyewa take yi. A yi aikin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da yara. A bar shi ya huce da kansa kafin a gwada shi da ruwa.

Zif da ke buɗewa a baya bayan an ja shi, yawanci kan ne ya saki, haƙoran lafiyarsu lau. Matse kan da filaya kaɗan-kaɗan, gefe da gefe, kana gwadawa. In ya cije, goga masa kyandir.

Faci kuma yana da ƙa'ida. Kada a ɗora sabon yadi mai ƙarfi a kan tsohuwar riga, tsohon zai yage a bakin ɗinkin. A nemi ƙyalle mai kaurin rigar, a wanke shi tukuna don auduga tana tsukewa a wankin farko, a yanka shi ya zarce hujin da santimita 2 ta kowane gefe. Uwargida, zanin atamfa tsakiyarsa ke fara cinyewa, gefunan na nan da ƙarfinsu. Raba shi biyu ta tsakiyar, ki haɗa gefunan su koma tsakiya, ki kalmashe bakin. Ko bai yi ɗaurawa ba, zai yi shimfiɗar yara.

Shaddar da ta koɗe marina take buƙata, kuma masu rini na nan, a Ƙofar Mata a Kano da sauran garuruwa. Sai dai rini daga haske zuwa duhu yake tafiya, farar shadda za ta koma shuɗiya amma baƙa ba za ta yi fari ba. Ka kuma duba zaren aikin wuya kafin ka bayar: in na roba ne ba zai sha rinin ba, zai fito da tsohon launinsa, don haka ka zaɓi launin da zai dace da shi.