Keken guragu ba ya hawa matakala

Duk sanda ɗan siyasa ya tara nakasassu yana raba musu kekuna a gaban kyamara, tambaya ɗaya nake so in yi masa: ranka ya daɗe, a wace hanya za su tuƙa?

Dubi Kano. Kwata a buɗe, gefen titi 'yan tebur sun cinye, gadar masu tafiya a ƙasa matakala ce tun daga ƙasa har sama. Makaho da sandarsa sai dai Allah ya kiyaye shi da rami. Mai keke kuwa dole ya kutsa cikin Adaidaita Sahu, ana yi masa hon kamar shi ya tsara garin.

Kuma akwai doka fa. A Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga nakasassu, aka bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar shigar keke. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ka zaga bankuna da sakatariyoyi, kai har masallatan Juma'a, ka ƙirga masu gangare. Wani wurin an yi shi, amma tsayuwarsa ko mai ƙafa biyu sai ya yi haki.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 a duniya ne ke buƙatar kayan taimako irin su keken guragu, daga tabarau zuwa na'urar ƙara ji da ƙafar roba, kuma kusan biliyan ɗaya ba su samu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da gwanaye a gida. Shekara da shekaru ƙungiyar waɗanda shan inna ya nakasa a Kano tana ƙera keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu, da tayar keke da sarƙar keke, abin da kowane mai faci a unguwa zai gyara. Na waje da ake shigowa da su don simintin asibiti aka yi su. Su shiga yashi da taɓon damina, taya ta lalace, babu kayan gyara, sai a jingine su a zaure. Me ya hana a ba waɗannan maƙera kwangilar, kuɗin ya tsaya a gari?

Hukumar tsara birni ma aikinta bai da wuya: duk zanen plaza ko makaranta da ya zo babu gangare da banɗakin da keke zai shiga, a mayar wa mai shi ya gyaro kafin a buga masa hatimi.