Ko da kuɗin waje ya ci, maganar da ya faɗa fa?

Da zarar ɗan adawa ko ɗan fafutuka ya taso gwamnati a gaba sai ka ji an ce ai ɗan kwangila ne, turawa ne ke biyansa, shikenan an bar abin da ya faɗa an koma leƙen aljihunsa. Wallahi abin nan yana damuna.

Ba wai zargin baya da tushe bane kwata-kwata. A 1953 hukumar leƙen asirin Amurka CIA da 'yan leƙen asirin Birtaniya sun zuba kuɗi aka yi hayar masu zanga-zanga a Tehran har aka kifar da Firaministan Iran Mossadegh, kuma a 2013 CIA ta amsa cewa da hannunta. Don haka wanda ya tambayi inda ƙungiya ke samun kuɗi bai yi laifi ba.

Amma dubi Masar. A 2013 kotu ta yanke wa ma'aikatan ƙungiyoyi masu zaman kansu 43 hukuncin ɗauri a shari'ar kuɗin waje, a ƙasar da sojojinta ke karɓar wajen dala biliyan 1.3 duk shekara daga Amurka, kenan dalar nan halal ce in ta shiga asusun gwamnati amma haram in ta faɗa hannun mai suka, sai a 2018 aka wanke mutanen bayan an gama ɓata musu suna. Rasha ma ta kafa dokar "wakilan ƙasashen waje" a 2012, da ita aka rufe ƙungiyar Memorial a ƙarshen 2021, ƙungiyar da ta kwashe shekaru tana tattara sunayen waɗanda aka kashe zamanin Stalin. To ko waye ya biya kuɗin ofis ɗinsu, mutanen nan an kashe su ko ba a kashe su ba? ANC, jam'iyyar Mandela ta Afirka ta Kudu, ita ma ta karɓi tallafin Sweden da Tarayyar Soviet, wannan bai wanke wariyar launin fata ba.

Kuma mu daina yi kamar bamu san me ke tura masu suka neman kuɗi waje ba, wane ɗan kasuwa ne zai ba 'yan adawa kuɗi a fili ya zauna lafiya da kwangilarsa da masu haraji?

Ni abin da nake dubawa shi ne ko mutum yana ɓoye mai bashi kuɗin, da kuma ko bakinsa na mutuwa ranar da ƙasar da ke tallafa masa ta yi nata zaluncin. Wanda ya kasa a nan ya zubar da mutuncinsa a wajena. Gwamnati kuwa bayanan banki na hannunta, in tana da hujja ta kai kotu a gani, sannan ta dawo ta amsa tambayar da aka yi mata tun farko.