Inuwa, iska da hanyar ruwa: abin da ke ƙawata harabar jami'a

Duk shekara sai an ga jerin jami'o'in da suka fi kyau a duniya yana yawo a intanet, kuma sunayen ba su cika canzawa ba: Oxford da Cambridge a Ingila, Stanford a Amurka, Cape Town a Afirka ta Kudu. A Najeriya kuwa Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife ake fara kira. Yawancin hotunan daga sama ake ɗaukarsu, a watan da ciyawa ta yi kore shar. Amma wanda ya cancanci yanke hukunci shi ne ɗalibin da zai fito daga ɗakin kwana ya nufi lakca da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. In ya isa aji bai jiƙe sharkaf da gumi ba, ya zauna iska na ratsa ɗakin ko da an ɗauke wuta, to harabar ta yi kyau. Hukumomin jami'o'inmu na Arewa sun fi zuba kuɗi a ƙofar shiga da ginin Sanet, alhali wuraren da duniya ke yabo da wani ma'auni daban aka gina su.

A duba waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya. Jami'ar Virginia, wadda Thomas Jefferson ya kafa a 1819 aka kuma sa ta a jerin a 1987, fili ne mai tsawo da gidajen malamai guda 10 da ɗakunan ɗalibai a gefe biyu, duk an haɗa su da baranda mai ginshiƙai. Babbar Jami'ar Venezuela da ke Karakas, aikin Carlos Raúl Villanueva, ta shiga jerin a 2000, kuma cikin abubuwan da aka fi saninta da su akwai hanyoyin ƙafa masu rufin kankare da ke kai mutum daga tsangaya zuwa tsangaya. A Stanford, da aka buɗe a 1891, wadda ita ba ta cikin jerin na UNESCO, mai tsara filaye Frederick Law Olmsted ya nuna wa masu jami'ar cewa yanayin Kalifoniya busasshe ne, bai dace a kwaikwayi korayen filayen gabashin Amurka ba, shi ya sa tsakiyarta ta zama tsakar gida mai daɓe da baranduna kewaye. Ko babban ɗakin karatu na jami'ar UNAM a birnin Meziko, da zanen bangonsa ya yi suna, Juan O'Gorman da ƙananan duwatsu masu launi na asali ya yi shi, don ya san fenti ba ya jure rana da ruwa.

A gida ma an taɓa yin wannan tunani. Masu zanen gine-gine Maxwell Fry da Jane Drew sun lulluɓe ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan da bangon kankare mai huda-huda, iska ta shiga, rana ta tsaya a waje. A Ife, Arieh Sharon ya yi wa tsangayar ilimin fasaha da al'adu gine-ginen da kowane bene ya fi na ƙasansa faɗi, don haka ginin da kansa yake yi wa kansa inuwa. A Samaru, gidan wasan kwaikwayo na ABU da Steven Ehrlich ya tsara a shekarun 1970 da ƙasa aka gina shi, bisa fasalin gidan Bahaushe mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Ba ɗaya daga cikinsu da ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Kano na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Zariya 11. Da tsakar rana, rana kusan a tsakar ka take, saboda haka bangon arewa da na kudu suna da sauƙin karewa. A watan Disamba, lokacin da ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana a Kano kusan digiri 55 ne. Tagar kudu mai tsayin mita 1.5 tana buƙatar rumfar kankare mai fitowa kamar mita 1 a samanta, shi ke nan an gama da ita. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan koma ta arewa kaɗan, don haka can ma a sa rumfa, ko da ba ta kai wancan faɗi ba. Gabas da yamma ne matsala, domin hantsi da la'asar a kwance suke shigowa, ba rumfar da za ta tare su. Maganinsu shi ne a miƙar da ginin daga gabas zuwa yamma, ƙananan bangayen biyu a bar su ba taga, a sa matakala da banɗaki da sito a can. Faɗin ginin kuma kada ya wuce aji ɗaya da baranda. In za a dogara da iskar da ke shiga ta wannan taga ta fita ta waccan, faɗin ɗaki bai kamata ya zarce ninki biyar na tsayin silin ba. Da zarar an yi azuzuwa layi biyu da lungu a tsakiya, an kashe iska, an kuma kawo duhu.

Abin da ake yayi yanzu akasin haka ne: dogon bango na gilashi mai launin shuɗi yana kallon yamma don ya fuskanci titi. Ranar buɗewa yana da kyau a hoto. Bayan nan ɗakin ya zama tanda, sai da na'urar sanyaya ɗaki a zauna, ga shi a Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wutar rukunin A, wato na waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, jami'o'i da dama suna kuka da takardar kuɗin wuta. Ƙurar hunturu ta lulluɓe gilashin, ba a tanadi hanyar hawa a wanke ba, robar da ke riƙe shi ta bushe ta tsattsage, ruwan damina ya samu ƙofa.

Sai itatuwa, waɗanda su ne rabin kyawun kowace haraba a ƙasarmu kuma su ne mafi araha. Wanda ya san Samaru ya san manyan itatuwanta ne ke sa baƙo ya ji ya shigo wani wuri daban, kuma waɗanda suka dasa su da yawa ba su zauna inuwarsu ba. Maɗaci da darbejiya da tsamiya da mangwaro su ne masu inuwa ta gaske. Dogon itacen nan siriri da ake jerawa a bakin ofisoshi ado ne kawai, ko akuya ba za ta fake a ƙarƙashinsa ba. Turare yana saurin girma, amma yana shanye ruwan ƙasa, rassansa kuma na karyewa in an yi iska, don haka wurinsa bakin iyaka, musamman arewa maso gabas inda ake son katangar itatuwa ta rage ƙurar hunturu.

Dashen ma yana da ƙa'ida. A haƙa rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. A dasa bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ba ranar da babban baƙo ya samu sukuni ba. Tsakanin maɗaci da maɗaci mita 8 zuwa 10, kuma a nisanta shi da bango da sokawe da bututun ruwa aƙalla mita 6, in ba haka ba saiwa za ta ɗaga daɓe ta fasa bututu. A kewaye kowane dashe da raga saboda awaki. Inda aka fi faɗuwa shi ne rani na farko da na biyu: kowane dashe yana son kamar jarka ɗaya ta lita 20 sau biyu a mako daga Nuwamba har ruwa ya sauka. Kwangilar da ta ƙare ranar dashe asarar kuɗi ce. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai an ƙirga itatuwan da suka rayu bayan shekara biyu.

Ciyawa kuwa a yi hattara da ita. A bazara kowace murabba'in mita na shan lita 5 zuwa 7 a rana, ke nan hekta ɗaya na neman lita 50,000 zuwa 70,000 kullum, a jami'ar da ɗalibai ke layi da bokiti a bakin famfo. A taƙaita ta a ƙananan tsakar gida, sauran fili a bar wa itatuwa da tsakuwa. Ruwan ban-ruwan ma yana kan rufi: a Zariya, inda ake samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, rufi mai murabba'in mita 1,000 na zubar da lita kusan miliyan ɗaya, kuma yawanci barinsa ake yi ya zaizaye gindin ginin.

Wannan ruwa shi ne babban mai lalata tsofaffin gine-ginen shekarun 1960 da 1970 masu shimfiɗaɗɗen rufin kankare. Ganye ya toshe indararo, ruwa ya kwanta, kwaltar da aka shimfiɗa ta tsage, danshi ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya ɓantare kankare. Sai a ce ginin ya tsufa, a ɗora masa kwano mai launi wanda bai dace da fasalinsa ba. Da an share rufi da lambatu a watan Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, da ba a kai nan ba. Ma'aunin da masana kula da gine-ginen gwamnati a Amurka suka bayar shi ne a ware kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na kuɗin da zai sake gina gini kowace shekara don kula da shi. A nan kuwa samun kuɗin sabon gini daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko wani attajiri ya fi samun kuɗin gyaran indararo sauƙi, tunda ba a yanka kirtani don an share kwata.

Yalwar fili ma ta zame mana jarrabawa. Sabbin matsugunan jami'o'i suna da dubban hektoci, sai kowane sabon gini a kai shi can nesa shi kaɗai, tsakaninsa da na kusa daji da rana. Mutum na tafiyar kimanin mita 800 a minti 10, kuma wannan ne ya kamata ya zama iyakar nisa tsakanin azuzuwa da ɗakin karatu da masallaci da ɗakunan kwana. Kowace jami'a tana da taswirar tsari da ta miƙa wa NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. Majalisar gudanarwa ta fito da ita duk lokacin da aka kawo tayin sabon gini, a cike gurbin da ke tsakiya tukuna, a kuma sa hanyar ƙafa mai rufi, faɗin mita 3, cikin kuɗin kwangilar tun daga farko.