Tsakanin Fijo 504 da Sienna, Wace Ce Motar Iyali?

Duk lokacin da hirar motoci ta taso a majalisarmu ta Unguwar Rimi, sai an samu dattijon da zai rantse cewa ba a sake ƙera mota kamar Fijo 504 ba. Ina girmama wannan magana, domin a cikin irinta mahaifina ya riƙa kai mu Zariya gaida kakanni, kuma a nan Kakuri da ke Kaduna aka riƙa harhaɗa ta, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, shekara bakwai bayan motar ta fara fitowa a Faransa.

A ganina, abin da dattawanmu suke kewa shi ne sauƙin gyaranta. Idan ta tsaya a hanyar Kaciya, kowane bakanike na gefen titi zai buɗe gabanta, ya wanke kafireta, ya goge filogi, a tura ta tashi, kuma ƙarfen da ya karye a jikinta akan samu maƙerin da zai gyara shi a Panteka. Tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ne suke tura ta, shi ya sa ramuka da lodi ba su dame ta ba, har direbobin tashar Kawo suka daɗe suna cin abinci da doguwarta.

Sienna ɗin da nake hawa yau ba ta da wannan haƙuri. Fitila ɗaya za ta kama a gaban sitiyari, sai an nemo mai na'urar kwamfuta ya karanta laifin kafin a taɓa sifana, kuma kuɗin dubawar daban yake da na gyara.

Duk da haka, ita nake ɗora wa iyalina. Tana da jakunkunan iska, tana da birkin da ba ya kulle taya idan an taka shi da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, gabanta kuma an yi shi ne ya lotsa ya shanye ƙarfin karo kafin ya iso ga mutanen ciki. Kaurin ƙarfen da ake yaba wa tsohuwar mota bai hana jikin fasinja ɗaukar dukan ba, kuma mu da muka yi yarinta a kujerar baya ba mu taɓa ɗaura bel ba. Fijon mahaifina tana nan a lulluɓe a gareji, ina tayar da ita ranar Lahadi in zagaya unguwa, amma idan hanyar Abuja za a hau da yara, mabuɗin Sienna nake ɗauka.