Ba Ƙarancin Magani Kaɗai Ke Ɗaure Hannun Ma'aikatan Jinya Ba

Duk lokacin da ambaliya ta afka wa Yamai, za ka ji ana cewa in dai an kai magani asibiti, sauran aiki ya rage ga ma'aikatan jinya. Abin bai tsaya nan ba.

A damunar 2020, da kogin Isa ya fasa madatsar Lamorde, unguwannin Harobanda da ke ƙetaren kogin a Yamai sun cika da ruwa. Ma'aikaciyar jinya da ke zaune can, ita ma gidanta ya ci ruwa, ƴaƴanta na kwana a ajin makaranta, kuma ana jiran ta bakin aiki. Ko ta iso, in wuta ta ɗauke, allurar rigakafi na iya lalacewa cikin firiji, ƙarin ruwa kuwa sai da hasken salula za ta nemi jijiya.

Mai kwalara ruwan jikinsa ke ƙarewa cikin awowi kaɗan. Abin da ke ceton sa shi ne ruwa mai tsabta, ruwan gishiri da sukari, jabel (ruwan kashe ƙwayoyin cuta) na wanke bokiti da gado, sai wanda zai karɓi aiki idan ma'aikaciyar jinya ta kwana tsaye. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, don ba a ɗaukar hotonsa ranar miƙa tallafi.