Kwabon Amurka mai hoton ɓauna akasari ba azurfa ba ne

Wasu kan kai wa 'yan canji a Agege kwabon Amurka mai hoton dabba, suna zaton sun tsinci dami a kala. Ina! Daga 2010 zuwa 2021 Amurka ta buga irinsa kala 56 don tunawa da gandun daji da wuraren tarihi. Na gandun dajin Yellowstone ne mai ɓauna. Akasarinsu kuɗin cefane ne, santi 25 kacal. Duba bakinsa: in akwai jan layi, tagulla ce aka lulluɓe da farin ƙarfe. Wanda masu tarawa ke rububi shi ne mai ɗan harafin W, na 2019 da 2020, don miliyan 2 kawai aka buga na kowane zane.