Orijinal, Beljiyam ko mai sauƙi: maganar wani bakanike a Hamburg da ta tsaya mini a rai

Watan jiya motata ta kasa haye binciken lafiyar mota. A nan Jamus sabuwar mota ana ɗaga mata ƙafa shekara 3, daga nan duk bayan shekara 2 sai ka kai ta wurin masu binciken, irin su TÜV da DEKRA, su duba ta ciki da bai. Ba takarda za ka miƙa ta taga a buga maka hatimi ba. Makulli za ka bayar ka koma gefe ka tsaya. Mutumin zai hau da ita kan wasu ƙarafa masu juyawa a ƙasa, ya taka birki, allo ya nuna masa ƙarfin kamun kowace taya, ta hagu daban, ta dama daban. Sannan a ɗaga motar sama, ya shiga ƙarƙashinta da tocila, farantin da tayoyin gaba suke kai ya dinga girgiza su, shi kuwa yana bin boljoyin da tayarod da bushin ɗaya bayan ɗaya da ido. A auna hayaƙin salansa, a auna saitin fitila. In ka haye, sai a liƙa maka wani ɗan tambari zagayayye mai launi a lambar motarka ta baya, wanda ɗan sanda zai kalla ya san wata da shekarar da za ka koma. In ba ka haye ba, wata ɗaya gare ka ka gyara ka dawo.

Ni robar boljoyin ɗin gaba ce ta yage, ga fad ɗin birki ya kusa cinyewa. Na kai ta wani ƙaramin gareji a unguwarmu. Ƙasan wurin fes, ba ɗigon baƙin mai, kowace sifana da ƙugiyarta a jikin bango, har da kujerun jira da na'urar haɗa kofi. Mai garejin ya karɓi takardar motar, ya shigar da lambobinta a kwamfuta, ya juyo mini da allon. Farashi uku ya fito. Na farko a kwalin kamfanin motar. Na biyu na kamfanin da ke ƙera wa masu motar kayan, a nasa kwalin. Na uku na wani kamfani dabam, shi ya fi sauƙi. Ya ce kowanne na zaɓa zai ɗaura, kuma zai tsaya a kansa.

Sai na tambaye shi ko ba za a iya canza robar kaɗai a cika giris a mayar ba, tunda ƙarfen bai yi wasa ba. Ya girgiza kai, ya ce su ba sa wannan aikin. Ya nuna mini wani babban akwatin ƙarfe a bayan garejin, cike da shokozoba da altaneta da ƙafafun mota da aka cire, ya yi murmushi ya ce: "In kana so ka ɗauka. Akwai masu zuwa su kwashe, ƙasashenku ake kai su. Can ai komai tafiya yake yi."

Ban tanka masa ba. Na biya na biyun, na fito raina a jagule.

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan ne ya sa maganar ta yi zafi. Duk wanda ya taɓa bin titin Billstrasse a nan Hamburg ya ga rumfunan da ake tara tsofaffin firij da tayoyi da injina da rabin mota, ana cusa su a kwantena da cikin tsofaffin bas-bas a nufi tashar jiragen ruwa. Haka abin yake a Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Su sauka Kwatano ko Legas, su bi ta kasuwar Ladipo, wata rana ka gan su a Dilimi ta Jos ko a Apo ta Abuja an wanke da kananzir an jera. Amma abin da ke ƙarƙashin murmushinsa shi ne wanda ban yarda da shi ba: wai mu ba mu san abu mai kyau ba, ko kuwa ranmu bai dame mu ba. Wannan kam a'a.

Bajamushe bai fi mutumin Jos son ransa ba. Kwalinsa ne ba ya yi masa ƙarya. Mutane da yawa a gida ba su lura cewa kamfanin mota ba shi ke ƙera yawancin abin da ke jikin motar ba. Toyota tana karɓar kaya masu yawa daga Denso da Aisin. Motocin Jamus cike suke da kayan Bosch da na ZF, mai riƙe da sunaye irin su Sachs da Lemförder da TRW. Fulogi akwai NGK, shokozoba akwai KYB. Waɗannan kamfanoni suna sayar wa masu mota, suna kuma zuba kaya a nasu kwalin su kai kasuwa. Wanda ya sayi na biyun, sau da yawa kuɗin tambari kawai ya ƙi biya. Shi ma na ukun ba sakaka yake ba. Fad ɗin birki a Turai sai ya cika ƙa'idar da ake kira ECE R90, wadda ta ce kada kamunsa ya bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100, kuma za ka ga lambar shaidar a jikinsa, harafin E cikin da'ira da 90R a gefe. Ga dokar da ta ba mai saye shekara 2 ya koma wa mai shago in sabon kaya ya zo da aibi. Saboda haka in Bajamushe ya ce a ba shi mai sauƙi, ba caca ya yi da ransa ba. Akwai waɗanda suka riga shi yin bincike.

To ku duba namu. Motar Baba Corolla ce, ƙanena ke kula da ita, ni nake turo kuɗi. Kwanaki ya kira ni ta bidiyo daga cikin wani shago a Dilimi. "Yaya, ga su nan kala uku, wanne zan ɗauka?" Ya matso da su gaban waya. Kwali biyu iri ɗaya ne sak, ja da fari, tambari ɗaya, har da ɗan ƙyalƙyalin nan da ake liƙawa, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan. Sai da ya karkata su ga hasken ƙofa muka ga rubutun ɗaya ya ɗan yi dishi-dishi, jan nasa ya fi na ɗayan haske. Mai shagon ya rantse mai tsadar shi ne orijinal. Wataƙila gaskiyarsa ce. Wataƙila shi ma haka aka sayar masa daga Legas, bai taɓa ganin masana'antar da ido ba. A ƙasan rasit ɗinsa kuwa kun san abin da aka rubuta: kayan da aka saya ba a dawo da shi. Na ukun ba shi da kwali ko kaɗan, ɗan Beljiyam ne, wato tsohon da aka ciro daga wata mota a Turai, da tsatsarsa a baya.

Yanzu mutumin da ke tsaye a wannan shagon ya miƙa hannu ya ɗauki ɗan Beljiyam, jahilci ne? Lissafi ne. Ya san ya tsufa, amma ya san akwai ranar da ya fito daga masana'anta ta gaskiya ya hau mota ta gaskiya. Sabon kuwa babu mai iya ba shi wannan tabbacin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tashin hankalin shi ne ka biya kuɗin tukunya a miƙo maka rariya a kwali mai kyau. Kuma a daina ɗora wa China laifin duka. Manyan kamfanonin nan da na lissafa da yawansu suna da masana'antu a China. Ƙasar tana ƙera mai kyau tana ƙera na banza, ɗan kasuwa ne ke faɗin wanda za a loda masa, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ce kuma aka ɗora wa alhakin tare shi a bakin ruwa. Tunda kayan suna isowa har Jos, kun ga tarewar ba ta kai ba.

Ban ce ba mu da namu laifin ba. Akwai mai sa wili mai walƙiya da sifika mai girgiza unguwa, in aka zo kan birki ya ce a nemo na lallaɓawa. Akwai masu walda tayarod. Akwai masu sayen taya tokumbo ba su ko duba lambobi huɗun nan da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta ba. In ka yi magana a ce Allah ne ke tsarewa. Haka ne, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Duk wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo da mota cike da iyali, yana jin ƙaurin birki na shigowa ta taga, feda na yin laushi a ƙarƙashin ƙafarsa, ya san jabun fad ba ya jure zafi. A cikin gari lafiya lau yake kamawa. Sai a gangara mai tsawo, lokacin da ya ɗauki wuta, yake nuna halinsa, kuma a lokacin babu wurin tsayawa.

Amma fa a yi maganar aljihu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke lissafawa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kayan gyara kuwa kusan duk da dala ake shigo da su. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. A nan Jamus kuɗin aikin awa ɗaya a babban gareji yakan haura yuro 100, shi ya sa ba wanda zai zauna yana cire roba yana cika giris: hannun bakanike ya fi ƙarfen tsada, gara a jefar a ɗaura sabo, kuma a ɗaura mai kyau don kada a biya aiki sau biyu. A gida abin a juye yake, ƙarfe da tsada, hannu da araha. Su suna jefarwa ne don ya fi musu sauƙi, mu muna gyarawa don ya fi mana sauƙi. Ba wayewa ce ta raba mu ba. Ka ba mai garejin nan albashin malamin firamare a Filato ka ce ya riƙe mota shekara guda, mu ga kwalin da zai ɗauka.

Abin da na gaya wa ƙanena ba wani dogon ilimi ba ne. Duk abin da aka yi shi don ya cinye, fad, bel, filta, fulogi, shokozoba, taya, kada ya sayi wanda wani ya riga ya ci rabinsa. Ya nemi sabo mai sunan kamfanin da ya ƙera shi, ba mai tambarin mota a kwali ba, don kwalin masu motar ne 'yan jabu suka fi kwaikwaya, kuma ya tsaya wa shago ɗaya da zai iya komawa ya yi ƙorafi. Ƙofa, madubi, fitila, kik, altaneta, giyabos, har injin, nan ɗan Beljiyam ya fi sabon da ba a san asalinsa ba nesa ba kusa ba. Birki da sitiyari kuwa, in kuɗi bai kai ba, motar ta kwana a gida har a samu. Baba ya hau Keke, ba abin kunya ba ne.

Sannan na ce kada ya sayi komai sai Oga ya riƙe shi a hannu. Oga shi ne bakanikenmu a Farin Gada, tun zamanin 504 ɗin Baba, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna, shi ke duba mana mota. Zai ɗauki fad ya jinjina nauyinsa, ya kankari fuskarsa da farce, ya shinshina, ya ce "mayar musu." Zai kafa sukundireba a jikin injin ya kara kunnensa a ƙotar, ya gaya maka boris ne ko ba shi ba. Altanetar da ake jefawa a akwati a nan, yaransa za su buɗe ta a kan buhu, a canza gawayi, a sake naɗin waya, ta ƙara shekaru tana aiki. Aikin da TÜV da dokar Turai da takardar garanti suke yi wa Bajamushe, mu mutum ɗaya ne yake yi mana shi da hannunsa da amanarsa, a ƙarƙashin rumfar kwano, cikin sanyin Jos na watan Disamba da ke sa sifana ta ƙi riƙuwa.

Nan ne raina ya fi ɓaci. Yaron da ya shiga koyon gyaran mota a Jamus shekara 3 da rabi yake yi, wasu ranaku a gareji wasu a makaranta, ana biyansa duk wata, ya gama ya zana jarrabawa a ba shi takarda. In yana son buɗe nasa garejin sai ya ƙara karatu ya zama Meister, wato babban gwani mai takardar shaida, kuma in ya faɗi haka a taro ana girmama shi. Yaron Oga zai yi shekarun da suka fi haka yana wanke noti a kwanon fetur, ana aikensa Dilimi a ƙafa, ya fito da ilimin da babu inda aka rubuta shi. Motocin yanzu kuma duk sun koma kwamfuta, fitila ta kama a dashbod sai an jona na'ura, babu wanda ya zaunar da su ya koya musu. Alhali hedikwatar ITF, hukumar da aka kafa tun 1971 don horar da ma'aikata da masu sana'a, a cikin Jos take. Ga kwalejin fasaha a Bukuru. Me zai hana a ɗauki kanikawan Farin Gada rukuni-rukuni da yamma, a koya musu na'urar, a gwada hannunsu, a ba su shaidar da za su rataya? Su ne fa ke tsakanin jama'a da jabun kaya, ba wani ba.

Oga ya manyanta, idonsa ya fara rauni, yanzu sai ya kira yaro ya karanta masa lambar da ke jikin kwali. Ƙanena ya ce cikin yaran da na sani a wurin kusan duk sun watse, wasu sun koma tuƙin Keke, wasu sun tafi haƙar ma'adinai, don sana'ar ba ta riƙe su ba. Na sayi ƙaramar na'urar duba mota zan ba wani mai tafiya gida bayan sallah ya kai masa, na kuma roƙi ƙanena ya dinga zuwa ranar Asabar yana karanta musu abin da ta nuna, ko yaran da suka rage za su ga dalilin zama.